Muna son sayen abin duka na roba don wasanmu na ɗaki: wanne ya dace?

Tambaya

Assalamu alaikum, Anti. Ni matar aure ce a Kaduna, shekarata 34, kuma shekararmu 9 da aure. Ni da maigidana mun daɗe muna wani wasa a ɗaki inda yake ɗan dukana da tafin hannu, kuma ni ce na fara neman hakan domin ina jin daɗinsa. Daga baya na gano a intanet cewa yana cikin abin da Turawa ke kira BDSM, wato wasannin ɗaki irin su duka da ɗauri da ake yi bisa yardar juna. Yanzu muna son sayen abin duka na musamman, kuma na fi karkata ga na roba saboda ina ganin ta fi jemammiyar fata taushi, ta kuma fi sauƙin wankewa. Na ga iri uku: mai faɗi kamar ɗan allo, da bulala mai baki da yawa, da wata siririya kamar tsumagiya. Maigidana kuma ya ce asarar kuɗi ce, gara a yanko robar cikin taya wajen mai faci. Abin da ke ɗan damuna shi ne, lokacin da muka yi amfani da kwaroron roba bayan haihuwata ta biyu na yi ta fama da ƙaiƙayi. Wanne za mu saya?

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na gode da kika cire kunya kika yi tambaya tun kafin ku sayi komai, domin yawancin masu irin wannan buƙata sai bayan an ji ciwo suke neman shawara. Tunda kin ce ke ce kika nema, kuma ku biyu kun yarda, ba zan ɓata miki lokaci wajen tambayar dalilin da ya sa kike so ba. Sai dai dole in fara da gyara miki tunanin da kika gina zaɓinki a kansa, saboda kuskure ne, kuma kuskure ne da ke iya jefa sababbin shiga cikin rauni: roba ba ta fi fata taushi a jiki ba. A cikin duk kayan da ake yin abin duka da su, roba tana sahun waɗanda suka fi zafi, kuma waɗanda suka daɗe a wannan harka sukan ajiye ta sai hannu ya faɗa.

Dalilin yana cikin halin robar kanta. Fata mai laushi, idan ta sauka a jiki, tana lanƙwasa ta bi siffar wurin, ta zame ta wuce, ƙarfin dukan ya bazu. Roba kuwa tana da nauyi fiye da yadda ido ke gani, tana miƙewa a iska sannan ta dawo da ƙarfi kamar danƙo, kuma idan ta taɓa fatar mutum ba ta zamewa, kama ta take yi ta ja. Wannan jan shi ne ke kawo raɗaɗi mai tsanani, shi ke tsige gashi, shi ke barin shata, kuma shi ke fasa fata a dukan da mai yinsa zai rantse bai sa ƙarfi ba. Duk wanda robar ɗaurin kaya ta taɓa kuɓucewa ta make shi a hannu ya san abin da nake nufi. Saboda haka ƙarfin da maigidanki ya saba sawa da tafin hannu, idan ya sa shi da roba, abin da zai isa jikinki ya ninka wanda kika saba ji, shi kuma ba zai sani ba, domin a da tafinsa yana jin zafin tare da ke yana gaya masa lokacin da ya wuce gona da iri, yanzu kuwa wannan mai gargaɗin ya tafi.

Kafin mu zo kan siffar abin da za ku saya, maganar ƙaiƙayin nan da kika ambata a ƙarshe, kamar ba wani abu ba, ita ce mafi muhimmanci a wasiƙarki. Kalmar roba tana rufe abubuwa daban-daban. Akwai robar asali da ake tatsa daga itacen roba, wadda a jikin kwali ake rubuta ta da sunan latex, kuma da ita ake yin yawancin kwaroron roba da balan-balan da wasu safofin hannu na asibiti. Jikin wasu mutane ba ya karɓarta. A wasu, abin yana zuwa cikin mintuna, da borin jini da kumburi da atishawa, kuma idan ya yi tsanani yana iya toshe numfashi har a rasa rai. A wasu kuma, sinadaran da ake zubawa wajen sarrafa robar ne ke kawo ƙuraje da ƙaiƙayi, kuma wannan yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin ya bayyana, shi ya sa mutane ba sa danganta shi da robar. Ƙaiƙayinki yana iya kasancewa daga man da ke jikin kwaroron ne ko daga wata cuta ta daban, amma har sai likita ya duba ya tabbatar, ki ɗauka cewa jikinki ba ya son latex. Ki kuma tuna ko bakinki yakan yi ƙaiƙayi idan kin ci ayaba ko fiya, ko leɓenki yakan kumbura idan kin hura balan-balan, domin waɗannan suna yawan tafiya tare da wannan matsala, kuma bayani ne da likitan zai so ya ji. Hatsarin ya fi girma a wasan duka, saboda fatar da ta ɗumama ta ɗan kuje ta fi saurin shigar da abin da ya taɓa ta.

Abin da nake ba ki shawara a kai shi ne silikon tsantsa, wata irin roba da ake haɗawa a masana'anta. Ba ta da alaƙa da itacen roba, ba kasafai take haddasa borin jini ba, ba ta shan gumi ko jini, ba ta da wari, kuma zafin rana bai cika lalata ta ba. Ta fi tsada, amma araha ba ta ado. A ƙasa da ita akwai robobi masu laushi masu arha, waɗanda za ki ga an rubuta PVC ko TPE ko TPR a jikinsu, ko kuma ba a rubuta komai ba. Irin waɗannan suna da ƙananan kafofi da ido ba ya gani inda datti ke maƙalewa, kuma ana tausasa PVC da wasu sinadarai waɗanda ƙasashen Turai suka daɗe da taƙaita amfani da su a wasu kayayyaki. Hancinki da yatsunki za su taimake ki: idan kin buɗe kwali kika ji warin fetur ko na sabuwar taya ya bugi hancinki, ko kika ji abin yana maiƙo ko yana danƙo a hannu, ko kika goga farin ƙyalle mai laima kika ga launi ya fita, kada ya taɓa jikinki. Mai sayarwar da ya kasa gaya miki da me aka yi kayansa, ki bar masa abinsa.

Wannan ya kawo ni kan shawarar maigidanki ta zuwa wajen mai faci, kuma ina roƙonki ki isar masa da amsata cikin ladabi amma ba tare da sassauci ba: a'a. Robar taya an yi ta ne don kwalta, ana zuba mata baƙin sinadari da mai da magungunan hana tsagewa, kuma wasu daga cikinsu sanannu ne wajen haddasa ƙurajen fata. Tun daga watan Disamba na 2015 Tarayyar Turai ta sa iyaka mai tsauri, miligiram 1 a kowane kilo, a kan wasu sinadarai takwas masu iya haddasa ciwon daji a cikin kayan roba da ke yawan taɓa fatar mutum, kuma tsohuwar robar da ta sha hanya ba wanda ya auna ta da wannan ma'auni. Ban da haka, robar da aka yanka da reza ko almakashi tana da kaifi a gefe, kuma wannan kaifin yana yanka idan ya zo da gudu. Hukuncin ɗaya ne ga tiyo da fambel da wayar wuta, haka ma dorina, wadda aka yi ta don ta raunata. Idan kuɗi ne matsalar, ku ci gaba da tafin hannu har ku tara, domin har yanzu shi ne mafi aminci a cikin duk abin da za ku iya amfani da shi.

A cikin ukun da kika gani, ki sayi mai faɗin. Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk yadda abu ya ƙara faɗi, ƙarfin dukan yana bazuwa a wuri mai yawa; duk yadda ya sirance, ƙarfin yana taruwa a layi ɗaya ya yanka; duk yadda ya ƙara tsawo, bakinsa yana ƙara gudu kuma saita shi yana ƙara wuya. Ki nemi wanda faɗinsa ya kai tafin hannu, tsawonsa duka da mariƙi bai wuce santimita 30 ba, mai ɗan lanƙwasa amma ba mai lilo ba, gefensa a zagaye, fuskarsa sumul. Ki guji mai ƙusoshi ko ƙuraje ko rubutu mai tudu ko huji a jiki, domin kowane tudu da kowane bakin huji wuri ne da fata za ta iya fashewa. Kada kuma ki ɗauki mai kauri da nauyi sosai, saboda shi zafinsa ba a saman fata yake tsayawa ba, tsoka yake shiga, ya tara jini a ciki wanda ba za ku gani ba sai washegari.

Bulala mai baki da yawa tana iya zuwa daga baya, bayan wata da watanni, kuma ko a lokacin zan fi so ta farko ta kasance ta fata mai laushi ko ta ƙyalle, wadda zai koyi saiti da ita. Matsalarta ita ce bakunan ba sa tsayawa inda aka nufa: idan tsakiyar bulalar ta sauka a mazaunai, bakunan sukan zagaya su naɗe kwiɓi ko gaban cinya da gudun da ya fi na sauran bulalar, kuma a nan ake samun yanka. Idan kun kai ga sayen ta roba, bakunanta su kasance gajeru, kada su wuce tsawon kamu biyu, masu faɗi kamar ƙaramin yatsa, ƙarshensu a zagaye, ba siraran nan masu kama da taliya ba, kuma ya yi kwanaki yana gwaji a kan filo har ya zama inda ya nufa nan take sauka. Siririyar nan mai kama da tsumagiya kuwa ki manta da ita gaba ɗaya.

Idan kayan ya iso, kada ku yi amfani da shi a daren. Ki wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu marar turare, ki bi gefensa da yatsa ki ji ko akwai kaifin da injin ya bari, ki ja mahaɗin mariƙin da ƙarfi ki ga ko zai saki. Ki ɗora shi a cikin damtsenki na kamar minti 20, sannan ki jira kwana biyu zuwa uku ki ga ko wurin zai yi ƙaiƙayi; wannan gwajin na silikon ne da makamantanta, amma latex kada ki gwada shi a gida ko kaɗan. Bayan haka, maigida ya daki cinyarsa da shi, daga a hankali zuwa ƙarfin da yake tunanin zai yi amfani da shi a kanki. Ina ganin wannan wajibi ne, kuma na lura maza da yawa suna rage hannu da kansu bayan sun ɗanɗana.

Inda za a daka ya fi abin dukan muhimmanci. Da roba, ku tsaya a kan tsokar mazaunai da saman bayan cinya kawai. Kada ta taɓa bayan ƙugu, wato tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da ƙashin kwankwaso, domin nan ƙoda take kuma babu ƙashin da ya rufe ta sosai. Kada ta taɓa gadon baya, da ɗan ƙashin da ke ƙarshensa a saman mazaunai wanda ke saurin tsagewa ya daɗe bai warke ba, da wuya, da fuska, da kai, da ciki, da bayan gwiwa, da kowace gaɓa. A fara da hannu na wasu mintuna har wurin ya ɗumama, sannan a kawo robar a hankali, ana ba da tazara tsakanin duka da duka, ana sauya wuri, ana shafawa ana dubawa da fitila a kunne.

Akwai abin da bayanan da kike karantawa a intanet ba za su gaya miki ba, saboda yawancinsu an rubuta su ne da farar fata a zuci. Suna cewa a lura da jan da fata ke yi, alhali a baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, taruwar jini ma tana iya ɓoyewa har sai ta yi nisa. Don haka maigidanki ya dogara da tafinsa fiye da idonsa: wurin da ya yi zafi sosai, ko ya kumbura, ko ya yi tauri kamar an sa wani abu a ƙarƙashi, ko ya yi sheƙi, ya isa haka. Kuma fatarmu ta fi saurin barin baƙin tabo bayan rauni, wanda kan ɗauki watanni kafin ya dushe, sannan ta fi saurin yin tabon nan mai tasowa ya yi tudu. Idan hujin kunnenki ko wani tsohon ciwo ya taɓa yin irin wannan tudun, ko akwai masu yinsa a danginku, to duk abin da zai fasa miki fata ki ɗauke shi da muhimmanci. A lokacin hunturu, da fata ke bushewa tana kaushi, a ƙara rage hannu.

Wasu yanayi kuma suna hana wasan baki ɗaya ko su sa a nemi likita tukuna: juna biyu, da shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko asfirin na kullum, da kowace cutar da ke hana jini daskarewa, da ciwon suga wanda ke rage jin zafi ya kuma jinkirta warkewa, da ciwon ƙoda, da sikila. Kada a yi shi bayan an sha wani abu mai gusar da hankali ko maganin kashe zafi mai ƙarfi, domin zafin shi ne ma'aunin da kuke aiki da shi.

Game da yarda, na san kin ce ke kika nema, amma yardar jiya ba ta wadatar wa yau, kuma yarda da tafin hannu ba yarda da roba ba ce. Abin da nake tsoro a gare ki shi ne kawaici. Mu mata an tarbiyyantar da mu a kan haƙuri da jin nauyin miji, kuma mace tana iya cije baki ta jure abin da ya fi ƙarfinta don kada ta ɓata masa rai, ko don tana ganin ai ita ta jawo. Ku zauna da rana, da tufafinku a jiki, ku ajiye kalmar tsayawa wadda ba ta cikin maganganun da kuka saba yi a wasan, tunda “bari” da “wayyo” suna iya zama cikin wasan kansa. Masu wannan harka a ƙasashe da dama suna amfani da launukan fitilar kan hanya: kore a ci gaba, ruwan ɗorawa a sassauta, ja a tsaya nan take ba tare da tambaya ko fushi ba. Ku ƙara da alamar hannu, kamar buga katifa sau uku, don lokacin da magana ta ƙi fita. Kuma kada a taɓa ɗaukar abin nan a ranar da aka yi faɗa, ko a matsayin horo kan wani laifi na gaske. Ranar da kika faɗi kalmar bai tsaya ba, ko kika fara jin tsoron faɗinta, abin ya tashi daga wasa ya koma cin zarafi, kuma ƙa'idar da muka taso da ita ta babu cuta babu cutarwa ta shafi ɗakin aure kamar yadda ta shafi kasuwa. Doka ma tana kallon raunin ne: Najeriya tana da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 wadda jihohi da yawa suka amince da ita, a Ingila kuma tun 1993 kotun ƙoli ta lokacin ta yanke cewa yardar wanda aka raunata ba ta wanke wanda ya yi raunin a irin wannan wasa.

Wajen saye, ki san cewa jerin kayan da hukumar kwastam ta Najeriya ta haramta shigo da su ya haɗa da abubuwan da ake ɗauka na batsa, don haka oda daga waje tana iya maƙalewa a hanya. Mai sayarwa na cikin gida wanda ke rubuta sunan abin da aka yi kayan da shi, kuma yake aikowa a rufe, ya fi miki kwanciyar hankali. Wajen ajiya, a wanke kafin amfani da bayansa, a shanya a inuwa, a sa a jakar ƙyalle shi kaɗai, nesa da taga da zafin bazara. Basilin da man kaɗe da man kwakwa suna cinye robar asali, kuma ko da silikon ce gara a bar shafa mai sai an gama. Abin da ya fara tsagewa ko danƙo a jefar da shi. Kuma na mutum ɗaya ne: idan akwai abokiyar zama ko aka samu nan gaba, ba a haɗa shi, domin ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini a jikin kaya na aƙalla kwana 7.

Bayan an gama, ki sha ruwa, ya rufe ki, ku ɗan zauna tare, domin wasu sukan ji sanyi ko kuka ko kasala a lokacin ko washegari, kuma wannan ba alamar an yi laifi ba ce. Wurin da ya kumbura a ɗora masa ƙanƙara a naɗe cikin tawul na minti 15, kuma ki danne al'adarmu ta gasa ciwo da ruwan zafi har sai an kwana biyu, saboda zafi a farko yana ƙara taruwar jinin. Idan fata ta fashe, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu a rufe da filasta, kada a shafa man zafi, kuma kada a sake dukan wurin sai ya warke sarai. Don zugi, farasitamol ya fi asfirin dacewa. Amma idan kika ga jini a fitsari, ko fitsarin ya koma launin baƙin shayi, ko ya ragu sosai, ko ƙafa ta yi sanyi ko ta mutu, ko kumburin yana ƙaruwa yana tauri, ko numfashi ya fara yi miki wuya, ku tafi asibiti a wannan lokacin ko da tsakar dare ne, kuma ki gaya wa likita ainihin abin da ya faru da wurin da aka daka, domin da wannan bayanin ne zai san gwajin da zai fara yi miki.